Shekarar da Hannuna Bai Kai Kunne Ba

A ƙauyenmu, cikin kwarin da ke kusa da Badaguishiri, ba a cika tambayar shekarun yaro ba a farkon shekarun tamanin, domin babu mai amsar. Uwa takan ce ta haifi ɗanta damanar da ruwa ya cinye lambunan albasa, maƙwabciyarta ta ce a'a, wannan damanar tana goyon wansa ne. Takardar haihuwa kuwa sai a gidajen ma'aikata da sojoji. Saboda haka idan lokacin ɗaukar yara lakwal, makarantar boko ke nan, ya zo, bayan an fara yankan hatsi, mushe, wato malamin lakwal, yakan sa a jera mu a ƙofar gidan maigari, ya auna mu da abin da kowa ya zo da shi daga gida. Yaro zai ɗaga hannun dama, ya ɗora shi bisa tsakiyar kai, ya sauko da yatsu ta ɗaya gefen. In yatsa ya taɓa kunnen hagu, ya isa karatu. In bai taɓa ba, sai baɗi.

Yawancin iyaye addu'arsu ita ce kada ya taɓa, don akwai awaki da ke son makiyayi. Na san iyayen da suke koya wa 'ya'yansu yadda za su noƙe kafaɗa su miƙar da wuya, hannu ya tsaya a hanya. Ni kuwa akasin haka nake. Ɗan baffana ya shiga lakwal tun bara, yana dawowa da ƙaramin allo baƙi da guntun alli, kuma daga bakinsa na kwashe ƙidayar Faransanci har ashirin, ina rera ta ga kaji da jakuna. A ganina, duk ƙauyen babu wanda ya fi ni cancanta.

Mushen shekarar nan dogon mutum ne daga gabas, mai yawan murmushi. Da layi ya zo kaina, ban jira umarni ba, na fara ƙidaya da ƙarfi. Ya bar ni har na kai ƙarshe, sannan ya ce, "Madalla. Yanzu hannu." Na ɗora hannu, na miƙa har haƙarƙarina ya yi ƙara. Yatsana ya tsaya sama da kunne, saura kamar faɗin yatsu biyu. Na karkatar da kai a hankali, ina tsammanin ba ya gani. Ya sa tafinsa ya daidaita min kan kamar mai gyara tulu bisa gammo.

"Kanka ya iso, malam," in ji shi, "amma ya baro hannunka a hanya. Koma ka taho da shi."

Jama'a suka yi dariya, uwata ta yi hamdala a fili, ni kuwa na koma gida ina kuka.

Washegari na shiga aikin tsawaita hannu. Na riƙa ɗaukar guga cike da ruwa da hannun dama kaɗai. Na roƙi ɗan baffana ya ja ni kamar akuya mai gardama. Daga ƙarshe na hau bishiyar da ke bayan gida, na kama reshe da hannu ɗaya na yi lilo, ina ƙidaya. Ban kai sha biyu ba reshen ya karye, na faɗo cikin garken awaki, Allah ya taimake ni da taushin taki.

Kakana, mahaifin babana, yana zaune a inuwar rumbu yana kallon komai. Shi mai tufka ne. Tun da ƙarfin jan guga a lambu ya ƙare masa, ya koma yin igiya da ɓawon rama, kuma duk igiyar rijiya da dabaibayin jaki na unguwarmu daga hannunsa suka fito. Kakata takan kira ni angonta, kamar yadda kakanni mata ke yi wa jikoki, shi ya sa shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba.

"Angon tsohuwa," ya ce, "zo nan. In ka karye, wa za shi riƙe mini ita? Ni na gaji."

Na zo ina kakkaɓe riga. Na ba shi labarin kunne, ko da yake ya riga ya ji shi daga bakin mutum goma. Ya ajiye igiyarsa, ya ce bari shi ma ya gwada. Ya ɗaga hannun dama, kafaɗarsa da shekarun jan ruwa suka sandarar ta ƙi, hannun ya tsaya daidai hula.

"Ka gani? Ni ma mushe ya kore ni. Baɗi mu tahi tare."

"Kaka, kai ai tsoho ne!"

"Tsoho ina? Hannu bai kai ba, ai yaro ne. Haka dokarsu ta ce."

Sannan ya sassauta murya kamar mai tona asiri. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin mai tufka da gajeren hannu. Ya miƙa hannuwansa biyu a gaba, kuma lalle dogaye ne, busassu, kamar sandunan rumfa. Ya ce tufka ce ta ja su. Duk wanda ya tufka igiya gaba ɗari, hannunsa na ƙaruwa da faɗin yatsa ɗaya. Ni da nake neman yatsu biyu, gaba ɗari biyu ke gabana.

Na yarda nan take. Yau, ina da shekara hamsin, nakan tambayi kaina ko ya shirya maganar ne ko kuwa a lokacin ta zo masa, don kawai ya raba ni da hawan bishiya. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne, tun daga ranar na samu wurin zama kusa da shi a inuwar rumbu.

Tufka a baki ba ta da wuya, kuma ni gwanin baki ne. Za ka raba zaren rama kashi biyu, ka maƙale bakin a babban yatsan ƙafa, ka murza kowane kashi tsakanin tafuka zuwa gefe guda, sannan ka bar su su naɗe juna zuwa ɗaya gefen. Kafin zare ya ƙare ka saƙa sabo, kuma kada kashi biyun su ƙare wuri ɗaya, in ba haka ba igiyar za ta tsinke a nan. Na haddace wannan cikin yini guda, har ina karanta wa kakata. Amma da na zauna yi, sai na tarar hannuwana ba su ji karatun ba. In na tuna da tafi, ƙafa ta saki. In na riƙe ƙafa, kashi ɗaya ya warware. Igiyata ta farko, wani wuri kamar cinya, wani wuri kamar wutsiyar ɓera. Kakata ta ɗaure kaza da ita, kazar ta tafi abinta.

"Ka iya hwaɗi," in ji Kaka, "saura yi. Kuma maida halshen nan ciki, ba da shi aka tufka ba."

Gaskiya ne, harshena yakan fito waje in ina murzawa, kuma ba na iya magana. Da an tambaye ni ko sunana ne, aikin ya lalace. Duk hankalina yana cikin tafukana, babu ragowar da za ta saurari kowa. Ga yaro mai surutu irina wannan babban horo ne, kuma ina jin mutanen gidanmu ba su taɓa samun hutu irin na watannin nan ba. Kaka ya ce ranar da na iya tufka ina gardama da shi, ranar na iya.

Gardamar ta zo ta hanyar awo. Da igiyata ta fara kama da igiya, na auna ta da gabata, wato na buɗe hannuwa biyu daga yatsa zuwa yatsa, na samu gaba shida. Kaka ya karɓa ya auna da tasa, ya ce huɗu. Na ce ya cuce ni. Ya ce da gabarsa aka yi alkawari. Na sake aunawa, shida. Ya sake, huɗu. Na zauna ina juya abin a raina kwana biyu, ina mamakin yadda igiya ɗaya za ta zama shida kuma ta zama huɗu ba tare da an yanke ta ba. Ƙidayar da nake rerawa ga kaji ba ta taɓa gaya min haka ba. Sai da na shimfiɗa igiyar a ƙasa, na bi ta da hannuwana, na sa tsakuwa a duk inda gabata ta ƙare, na sa kara a duk inda tasa ta ƙare, sannan na ga inda tsakuwa da kara suke haɗuwa. Biyunsa uku nawa ne. Na ruga na gaya masa kamar na gano rijiya.

"To, in tawa goma ce, taka nawa?"

Ban iya amsawa a tsaye ba. Sai da na koma ƙasa na jera tsakuwa. Amma bayan wata biyu ina amsa irin wannan tambayar igiya na tafiya a hannuna, harshe kuma yana cikin baki. Ban lura da ranar da abin ya sauya ba. Wata rana dai na ankara ina musu da shi a kan ko kura na iya hawa bishiya, kuma gaba guda ta fita daga tafukana sumul, ban ko duba ba.

A zaman nan ne na lura da wani hali nasa. Idan yana ba da labari sunan wani ya ɓace masa, ba ya dafa goshi kamar sauran tsofaffi. Yakan ɗauki zare ya fara murzawa, kafin ya yi taƙi biyu sunan ya faɗo. Kakata takan ce hankalinsa a tafin hannu yake kwana. A lokacin dariya kawai nake yi.

Kowace Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, yakan daidaita min kai ya ce in gwada. Sanyi ya wuce, aka kwashe albasa, bazara ta shigo da zafinta. Wata Juma'a, gab da faɗuwar ruwan fari, na ji ɗan yatsana ya shafi saman kunne. A lokacin ina da gaba ɗari da sittin da wani abu.

"Ka ga aikin tufka?" in ji Kaka, ko murmushi bai yi ba. "Cika sauran, kada shi koma."

Na cika har na wuce. Kafin a yanke hatsi ina kama kunnen gaba ɗaya, har in ja shi.

Ranar ɗaukar yara ta zo, na yi wanka tun da safe, na tsaya farkon layi. Sai muka ga ba dogon mushen nan ba ne. An mayar da shi wani gari wajen Malbaza, an kawo wata madam, matashiya daga yamma, wadda Hausarta ba ta nuna sosai ba. Ta zauna da babban littafi a cinya, ta dube ni. Ni kuwa tuni na ɗora hannu bisa kai na damƙe kunnen hagu, ina jiran yabo.

"Kunne ciwo?" ta tambaya.

"A'a, madam. Ya kai!"

"Mi ya kai? Saki kunne. Buɗe baki."

Ashe ita ba ta awo da hannu. A inda ta yi horon koyarwa, haƙori ake dubawa. Yaron da ya fara famfara, haƙoran nono suka fara zuba, ya isa. Wanda bakinsa ke cike, ya jira. Na buɗe baki. Haƙorana suna nan reras, fari fat, ko ɗaya bai faɗi ba. Akwai ɗaya a ƙasa da ya fi wata guda yana motsi, amma na riƙa lallaɓa shi, ina tauna ta gefe, saboda tsoron zafi. Na nuna mata shi da harshe. Ta girgiza kai. Ta ce wuri kaɗan ne a rumfar aji, masu giɓi za ta fara rubutawa, kuma da la'asar za ta rufe littafi.

Ban yi kuka a gabanta ba, sai da na sha kwana. Na isa inuwar rumbu da gudu na faɗa wa Kaka cewa shekara guda ta tafi a banza, an sauya doka.

Ya saurara har na gama. Ya ce in matso, ya taɓa haƙorin da yatsa.

"Wanga ai baƙo ne, ya riga ya yi sallama, rakiya yake jira. Kana son lakwal ko kana son haƙori?"

"Lakwal."

"To, kawo zare."

Igiyar guga ba ta shiga tsakanin haƙora. Ana bukatar siririya ƙwarai, irin wadda ban taɓa yi ba. Kaka ya ce idonsa ba ya ganin irin wannan yanzu, sai dai ni. Na tsaga ɓawon rama har ya zama kamar gashi, na jiƙa da miyau, na murza a cinya. Na farko ya tsinke, na biyu ya yi kauri. Na uku ya fito siriri, mai ƙarfi, Kaka ya ja shi tsakanin hannuwansa bai tsinke ba. Ya gwada ɗaura min, amma yatsunsa, waɗanda ke tufka igiyar rijiya ido rufe, sun yi girma kuma suna rawa, ƙullin sai zamewa yake. Ya miƙo min.

"Ɗaura da kanka. Ba ka buƙatar gani, yatsa ya san hanya."

Na ɗaura, bakina a buɗe, miyau na zuba, kakata na tsaye a kanmu tana faɗa. "Za ka ɓata mini ango, tsohon banza! Wa za ta so mai wawulo?"

"Ke da kin zauna da ni shekara nawa ba haƙori?"

Ya naɗe ɗaya bakin zaren a yatsansa. Ina ganin haka na damƙe baki. Bai ja ba. Ya jingina da rumbu kamar ya fasa, ya ce, "Af, na manta. In igiya gaba goma sha huɗu ce da tawa, da taka nawa ce?"

Hankalina ya tafi wajen tsakuwa da kara. Biyu uku, huɗu shida. Na kai ƙarshe, na buɗe baki in ce ashirin da ɗaya, sai na ga haƙorina yana lilo a bakin zare a gaban idona. Zafin ma daga baya ya iso.

Kakata ta ba ni ruwan gishiri mai ɗumi na kurkure, tana gargaɗi kada in bar ƙadangare ya ga giɓin, wai sabon ba zai fito ba. Na rufe baki da hannu ɗaya, na riƙe zaren da ɗaya, na koma ƙofar maigari. Kaka ya ɗauki sandarsa ya biyo ni a hankali.

Madam tana shirin tashi. Na tsaya gabanta na yi mata murmushi mafi faɗi da na taɓa yi, na ɗaga haƙorin. Ta dube shi, ta dube ni, ta karɓi zaren tana jujjuya shi kusa da idonta. Ta tambayi wanda ya yi shi. Na ce ni. Ta tambayi wanda ya ɗaura. Na ce ni. Daidai nan Kaka ya iso, ya yi sallama, ya durƙusa kaɗan bisa sandarsa, ya wangale baki, babu komai ciki sai dasashi.

"Madam, ni ma a rubuta ni. Bara an ce hannuna bai kai ba, bana kuwa na fi kowa cancanta."

Ta yi dariya har littafin ya zame daga cinyarta. Da ta ɗauko shi, ta buɗe, ta tambayi sunana da na babana.

Shekaru da yawa bayan haka, a jami'a a Yamai, na karanta dalilin awon kunne. Kan ƙaramin yaro babba ne idan aka kwatanta da jikinsa, hannuwa kuwa daga baya suke cim masa, ko an yi tufka ko ba a yi ba. Na rufe littafin ina dariya ni kaɗai. Amma ban iya cewa shekarar ta tafi a banza ba. Na tuna makon farko a aji, yadda alli ke karyewa a hannun yara, suna danna shi kamar masu haƙa rami, ni kuwa yatsuna sun riga sun san bambancin riƙo da matsa. Na tuna kuma da aka zo darasin awo, na ji kamar an kawo min tsohon maƙwabci. Ko tufka ce ta yi wannan, ko kuwa ƙarin shekara guda ce kawai, ko ni ne nake ƙawata labarin don ina son mai shi? Na sha juya tambayar, ban samu amsar da ta gamsar da ni ba. Bara ma kafaɗata ta dama ta fara ƙi, na gwada a asirce, na tarar da kyar nake shafar kunnen.

A wani hutun damana, cikin shekarun casa'in, na dawo gida na tarar Kaka ya tsufa ƙwarai. Kakata ta riga mu gidan gaskiya. An gaya min tun a hanya cewa ba ya gane mutane, kuma an ɗauke masa kayan tufka don ya huta. Na same shi a inuwar rumbu, hannuwansa a cinya ba abin yi. Na gaishe shi, ya amsa da ladabi irin na baƙo, ya tambaye ni daga wane gari nake, ya ce a kawo wa malam ruwa.

Na shiga ɗaki na nemo ɓawon rama, na jiƙa, na zauna gefensa na fara murzawa. Hannuna ya kwana biyu, igiyar tana fita da ƙulli. Ya kalla na ɗan lokaci, fuskarsa ta ɓaci, ya fizge ta daga hannuna. Ya maƙale bakin a yatsan ƙafa. Tafukan nan suka kama aiki kamar jiya suka ajiye, yana saƙa sabon zare daidai inda ya kamata, idonsa na kan awaki. Ya tufka kusan gaba guda. Sannan ya juyo ya dube ni sosai.

"Angon tsohuwa. Hannun ya kai?"

Na cire hula, na ɗora hannu bisa kai, na kama kunnen hagu na ja.

"To," in ji shi, ya koma kan igiyarsa. "Ka ga aikin tufka. Miƙo zare."